Damagum: Yadda mai hoto zai samu ciniki a zamanin da kowa ke da kyamara a aljihu

Garin Damagum, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Fune kuma mazaunin fadar Masarautar Fune, yana kan babbar hanyar da ta haɗa Potiskum da Damaturu. Duk wanda ya taso daga Kano ko Bauchi zuwa Maiduguri a mota ta wannan hanya, sai ya ratsa ta cikinsa. Gari ne na manoma da makiyaya da 'yan kasuwa da ma'aikata, kuma kamar sauran garuruwan Yobe ta Kudu ba a rasa ɗaurin aure da suna da walimar sauka da naɗin sarauta da taron siyasa a cikinsa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan taruka aiki ne ga mai hoto. Sai dai sau da yawa idan babban biki ya tashi, daga Kano ko Abuja ake ɗauko wanda zai ɗauki hoton, a biya masa kuɗin mota da masauki, ɗan gari kuma ya tsaya a gefe yana neman wanda zai yi wa kati ɗaya. Ba kullum ne baƙon ya fi shi iya riƙe kyamara ba. Abin da ya fi shi shi ne an san da shi, an ga aikinsa, kuma an san abin da za a samu idan an biya shi. Wannan giɓi na talla da tsarin ciniki shi ne ke neman kashe sana'ar a ƙananan garuruwa, kuma giɓi ne da za a iya cikewa ba tare da wani babban jari ba.

Kasuwar da ta tafi

Shekaru da dama hoton fasfo ne ke riƙe da ɗakin hoto. Mai neman makaranta da mai neman aiki da maniyyaci duk sai sun biyo ta wurin mai hoto. Yanzu hukumomin da suka fi tara jama'a da kansu suke ɗaukar hoton mutum: hukumar JAMB a cibiyoyin rajistarta, hukumar NIMC wajen bayar da lambar NIN, hukumar zaɓe wajen katin zaɓe, hukumar shige da fice wajen fasfon fita waje. Hoton tarihi na yau da kullum kuwa wayar hannu ta ɗauke shi. Ko kamfanin Kodak na Amurka, wanda sunansa ya yi daidai da hoto a duniya, sai da ya nemi kariyar kotu daga masu binsa bashi a watan Janairun 2012, bayan da kasuwar fim ta mutu.

A ɗaya ɓangaren kuma kuɗin gudanar da aiki ya hau. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki darajar naira a watan da ya biyo baya, man janareta da kuɗin mota da takardar wanki da tawada da batir duk suka yi tsada, domin kusan duk kayan hoto daga waje ake shigo da su. Mai hoton da yake zaune a shago yana jiran wanda zai leƙo, haya da wuta za su cinye shi. Abin da ya rage a kasuwa shi ne aikin da waya ba ta iya yi: taron da ba a maimaitawa, wanda mai shi ba zai yarda a yi masa ganganci da shi ba.

Sanin wanda ke biyan kuɗin

Matakin farko na talla shi ne mai hoto ya san su wane ne masu sayen aikinsa, domin kasuwa uku ce a gabansa kuma kowace da halinta. Ta farko ita ce ta iyali: aure da suna da sauka. A nan ango ne ko mahaifi ke fitar da kuɗi, amma galibi amarya da ƙawayenta da 'yan uwanta mata ne ke zaɓen mai hoto. Ta biyu ita ce ta makarantu da ƙungiyoyi: bikin yaye ɗalibai a islamiyyu da makarantun kuɗi, da manyan makarantu irin Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum, inda shugaban makaranta ko shugabannin ɗalibai ke yanke shawara. Ta uku ita ce ta hukuma: ƙaramar hukuma, fada, 'yan majalisa, da ƙungiyoyin agaji da suka yawaita a Yobe tun bayan rikicin Boko Haram. A nan hadimi ko jami'in yaɗa labarai ne ke riƙe da ƙofa.

Kowace kasuwa tana da lokacinta. Aure yakan yawaita bayan kaka, lokacin da amfanin gona ya zo hannu, da gab da azumi, da kuma bayan sallah. Yaye ɗaliban boko yana zuwa ne a ƙarshen zangon karatu na uku. Mai hoton da ya san haka ba ya jira sai ranar ta zo. Wata biyu kafin lokacin yake zuwa ofishin shugaban makaranta da albam ɗin bara a hannu, ya faɗi farashin kowane ɗalibi, a ƙulla magana. Zuwa da kai ya fi aike, kuma wanda ya riga zuwa shi yake samun aikin.

Haka nan kasuwar shanu ta Potiskum, wadda take ci ranar Laraba kuma tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma, tana da buƙatar da ba a cika lura da ita ba. Dillalai da masu kiwon turka suna tura hotunan dabbobi ta waya ga masu saye a Abuja da Legas, musamman gab da Babbar Sallah. Hoto mai kyau da gajeren bidiyon da ya nuna girman sa ko rago a haske mai kyau yana taimaka wa ciniki, kuma aiki ne da za a iya yi wa farashi a kan kowane kai.

Gani ya kori ji

Ba a sayen hoto da baki. Shagon mai hoto na farko a yau shi ne wayarsa, kuma a garuruwa irin Damagum manhajar WhatsApp ta fi kowace kafa kai wa ga masu biyan kuɗi. Nau'inta na 'yan kasuwa, WhatsApp Business, wanda aka fitar a 2018, kyauta ne, kuma yana ba da damar jera samfurin aiki da farashi da lokutan buɗe shago da saƙon da zai amsa wa mai tambaya idan mai hoto yana kan aiki. Hoto ashirin da aka zaɓa da kyau sun fi ɗari biyu da aka zuba babu tacewa, domin mai saye da mafi munin hoton da ya gani yake auna mai sana'a.

Facebook da Instagram da TikTok su ne ke kai sunan mai hoto wajen 'yan garin da ke zaune a Abuja da Kaduna da Kano, waɗanda su ne ke ɗaukar nauyin manyan bukukuwan gida. Abin lura shi ne rubuta sunan gari a ƙarƙashin kowane hoto, da sanya shagon a taswirar Google tare da lambar waya, yadda wanda ke Abuja idan ya nemi mai hoto a Damagum ko Potiskum zai ci karo da shi.

Akwai darasi a maƙwabciyar jiha. A 2015 Fati Abubakar, 'yar Maiduguri, ta buɗe shafin Bits of Borno a Instagram tana sanya hotunan rayuwar yau da kullum ta mutanen Borno, a lokacin da duniya ba ta jin komai game da jihar sai labarin bom. 'Yan kasuwa da ɗalibai da masu biki ta riƙa ɗauka, kuma wannan naci a kan abu ɗaya ya kai aikinta manyan kafofin yaɗa labarai na duniya. Ba ta bar garinsu ta je neman abin ɗauka ba. Abin da ke ƙofar gida ta ɗauka da kyau, ta kuma dage a kai har aka san ta da shi.

Amana kafin talla

A nan ne masu hoto da yawa ke sarar reshen da suke zaune a kai. Hoton amarya shi ne ya fi jan hankali a intanet, kuma shi ne ya fi saurin jawo rigima. A al'ummar da ake ɗaukar mutuncin iyali da muhimmanci, hoton matar aure ɗaya da ya fita ba da izini ba ya isa ya rufe wa mai hoto ƙofofin unguwa gaba ɗaya.

Doka ma ta shigo cikin maganar. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda tsohon Shugaban Ƙasa Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a watan Maris na 2023, ta bar haƙƙin mallakar hoto ga wanda ya ɗauka idan babu wata yarjejeniya ta daban. Amma ta ba wanda ya sa aka ɗauki hoton domin amfanin kansa da iyalinsa ikon hana a wallafa shi ko a baje shi ga jama'a. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 kuma ta sanya neman iznin iyaye ko waliyyi kafin a yi amfani da bayanan ƙananan yara, kuma hoton da ake gane mutum a cikinsa yana cikin irin waɗannan bayanai.

Mafita mai sauƙi ce. A takardar yarjejeniya a sanya layi ɗaya da ke tambayar ko an yarda a yi talla da hotunan, da kuma waɗanne. Wanda ya ƙi, a girmama ra'ayinsa. Ana iya talla da hoton lalle a hannu, da jeren kayan ɗaki, da dawakin hawa, da taron maza a wurin ɗaurin aure, ba tare da fuskar kowace mace ta fito ba. Mai hoton da aka shaida da rufin asiri, wannan shaidar ita ce babbar tallarsa, domin mata da kansu za su yaɗa ta a gidajen biki.

Farashi a rubuce

Mafi yawan asarar mai hoto daga ciniki da baki take farawa. Idan farashi ya dogara ga irin rigar da mai tambaya ya sanya, to kowa zai zo da shirin taya ƙasa. Abin da ya fi shi ne a tsara farashi hawa uku a takarda ɗaya: ƙarami na sa'o'i kaɗan da adadin hotuna sananne, matsakaici na yini guda da albam, babba na dukan kwanakin biki da bidiyo da firem. Kowane a fayyace yawan sa'o'i, yawan hotunan da za a gyara, ranar miƙa aiki, da wanda zai biya kuɗin mota idan bikin a Ngelzarma ne ko Jajere ko wani ƙauye.

Kafin a rubuta adadin, sai an yi lissafin abin da ba ya fitowa fili. A misali, idan kyamara da madubanta da fitila da kwamfuta sun ci naira miliyan 2, ana kuma sa ran za su yi shekara 4 ana aiki 50 a kowace shekara, to aiki 200 ke nan, kuma kowane aiki yana cin naira 10,000 na kayan tun kafin a sa kuɗin mai da data da yaron aiki da kwanakin da za a yi ana gyaran hotuna. Wanda bai ware wannan kuɗin ba, ranar da kyamara ta mutu sana'ar ta mutu tare da ita.

Kafin alƙalami wajibi ne. Rabin kuɗi ko fiye a lokacin da aka tsayar da rana, sauran kafin a miƙa cikakken aiki, kuma kowane biya da rasit. Idan za a yi wa ɗan uwa ko aboki sauƙi, gara a ƙara masa firem ko hotuna goma kyauta da a rage farashi, domin farashin da aka rage wa mutum ɗaya washegari ya zama farashin gari.

Kyan alkawari

Ƙorafin da aka fi yi a kan masu hoto shi ne jan rai: an yi biki, amarya har ta haihu albam bai fito ba. A zamanin da ƙawaye ke sanya hotunan wayarsu tun ana cikin taro, jinkiri yana zubar da darajar aiki. Dabarar da ke aiki ita ce a tura hotuna goma da aka gyara a daren bikin ko washegari, a tura su a matsayin fayil domin kada manhajar ta rage musu kyau, sannan a cika alkawarin sauran a ranar da aka rubuta.

Wannan ba sabuwar dabara ba ce. Malick Sidibe na Bamako, wanda ya samu babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na birnin Benis a ƙasar Italiya a 2007, ya yi suna ne da bin wuraren shagalin matasa da dare, ya koma ya wanke fim, ya liƙa ƙananan samfura a takarda, masu shagalin su zo shagonsa su zaɓi wanda za a wanke musu. Saurin fito da aiki ne ya sa shagonsa ya zama matattara, tun ba a san intanet ba.

Haka kuma ajiye kwafin aiki a wuri biyu yana cikin talla. Katin ajiya yana lalacewa, waya tana ɓata. Mai hoton da aka dawo wurinsa bayan shekara biyar ana neman hoton mahaifin da ya rasu, ya kuma fito da shi, ya samu wannan gidan har abada.

Abin da ofis ke nema

Aikin hukuma da na ƙungiyoyin agaji ya fi kuɗi, amma ba a bayar da shi ga wanda ba shi da takarda. Rajistar sunan kasuwanci a hukumar CAC, lambar biyan haraji, asusun banki da sunan shagon, da takardar neman biya mai ɗauke da suna da adireshi, su ne mafi ƙarancin abin da akanta zai nema kafin ya saki kuɗi. Rashin waɗannan ne ke sa a ba ɗan Damaturu ko Abuja aikin da aka yi a tsakiyar Damagum.

Hadimin ɗan majalisa ko jami'in ma'aikata yana da buƙata ta daban da ta mai biki. Hoton shaida yake so: rijiyar burtsatse ko ajin makaranta kafin aiki da lokacin aiki da bayan kammalawa, allon aikin a fili, sunayen manyan baƙi a rubuce daidai da muƙamansu, kuma duk su iso cikin sa'a ɗaya ko biyu domin a haɗa da sanarwar manema labarai. Mai hoton da ya iya rubuta bayanin layi biyu a ƙarƙashin kowane hoto, da Hausa da Turanci, ya rage wa hadimi rabin aikinsa, kuma lambarsa ba za ta fita daga wayar wannan hadimin ba.

Kakar zaɓe tana kawo aikin fasta da gangami, tana kuma kawo bashi. Yobe ta Kudu ba baƙuwar manyan 'yan siyasa ba ce. Daga Damagum Ambasada Umar Iliya Damagum ya fito, wanda ya zama muƙaddashin shugaban jam'iyyar PDP na ƙasa a 2023. Ƙa'idar aiki da 'yan takara ita ce a karɓi kuɗi kafin ranar zaɓe, domin wanda ya faɗi ba a ganinsa, wanda ya ci kuma ganinsa sai da hanya. Kuma kada shagon ya zama na jam'iyya ɗaya, tunda 'ya'yan kowace jam'iyya suna aure. A yankin da ke da shingayen tsaro kuma, ba a ɗaukar hoton jami'ai da wurarensu, kuma tashin ƙaramin jirgin ɗaukar hoto daga sama yana buƙatar izinin Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama da Ofishin Mai Ba da Shawara kan Tsaron Ƙasa.

Masu kawo ciniki

Kafin a nemi mai hoto an riga an je wurin tela da mai ƙunshi da mai kwalliya da mai hayar rumfa da kujeru da mai buga katin gayyata. Waɗannan su ne suka fara sanin ranar kowane biki a gari. Mai hoto ya ba su hotunan aikinsu kyauta da sunansa a gefe, su yi tallar kansu, su kuma ambace shi ga masu biki. Inda aka yi yarjejeniyar la'ada, a biya ta a kan lokaci.

Akwai kuma kasuwar da maza ba sa iya shiga. Kamu da sa lalle da walimar mata da buɗar kai taruka ne da gidaje da yawa ba sa son namiji baƙo a ciki. Shagon da ya horar da mace mai ɗaukar hoto, ya kuma sanar da haka a tallarsa, ya buɗe wa kansa ƙofar da ke rufe ga abokan gasarsa, ya kuma samar wa wata yarinya sana'a.

Dukiyar da ke ƙofar gida

A ƙauyen Dufuna da ke cikin Ƙaramar Hukumar Fune ne wani makiyayi ya ci karo da wani kwalekwale yana haƙar rijiya a 1987. Masana daga Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt a Jamus suka tono shi a 1994, bincike kuma ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000, wanda ya sa ya zama jirgin ruwa mafi daɗewa da aka gano a Afirka. Yobe tana da bikin kamun kifi na Bade, da tsuntsayen Dagona, da tuddan rairayi na Tulo-Tulo a Yusufari, da hawan sallar masarautun Fika da Potiskum da Fune, da sutura da raye-rayen Karekare da Ngizim da Bolewa da Ngamo da Fulani. Jaridu da masu buga kalanda da ma'aikatun al'adu da masu bincike suna buƙatar hotunan waɗannan, kuma ɗan gari ne ke wurin a ranar da haske ya yi kyau.

J.D. Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar hotunan kitson matan Najeriya a 1968, ya tara kusan dubu, kuma yau suna rataye a manyan gidajen adana kayan fasaha na duniya. Irin wannan taska ba ta biyan hayar wannan watan, amma ita ce ke raba mai suna da mai shago. Sharaɗinta shi ne a rubuta rana da wuri da sunan taron a kan kowane hoto, kuma idan an zo saye a sayar da izinin amfani na wani lokaci, kada a sallama mallakar gaba ɗaya.

Ga ma'aikacin da zai zuba jari

Ma'aikata da yawa a Abuja sukan saya wa ƙani ko ɗa kyamara domin ya dogara da kansa. Ya kamata a tuna cewa Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci mai zaman kansa in ban da noma, don haka tafiyar da shagon ta wanda aka buɗe wa ce. Amma gudummawar da ta fi kyamara ita ce a ware wani kaso na jarin domin rajista da sola da ma'ajiyar hotuna da albam ɗin samfuri, a kuma haɗa yaron da mutanen da ke bayar da aiki.

Su ma hadimai da jami'an da ke shirya taro a gida suna da rawar takawa. Kafin a biya wa baƙo kuɗin mota da masauki, a nemi ganin aikin ɗan gari, a ba shi ƙaramin taro a gwada shi, a kuma biya shi a kan lokaci kamar yadda za a biya na birni. Idan mai hoton Damagum ya zo da takardarsa da farashinsa da samfurinsa, ya kuma miƙa aiki ranar da ya ce, babu sauran dalilin da zai sa kuɗin bikin garin ya hau mota ya tafi Kano.